Waɗanda Muka Tarar

Ran Asabar na ɗaura takalmin roba,
na ce wa Tabawa, yau sai saman Mbula.
Ta ce, "Gwiwarka ta san da maganar?"
Na yi kamar ban ji ba.

Talle ne a gaba, ɗan ƙanwata,
da gorar ruwa a kafaɗa,
ni a baya ina lissafin numfashi
kamar mai ƙirga canjin da bai cika ba.
Ciyawar ƙarshen damina ta kai mana ƙugu,
raɓa ta jiƙa wando tun ba mu wuce gonar Jatau ba.

Fakara ce ta fara yi mana maraba.
Fir! daga ƙarƙashin ƙafata.
Zuciyata ta bi ta,
sai da ta yi nisa sannan ta dawo.
Talle ya yi dariya har da riƙe ciki.

A kan falalen dutse rema uku na shan hantsi,
suka yi mana kallon da mai gida ke yi
wa wanda ya faɗo ba sallama.
Na zaro waya in ɗauki hoto.
Kafin in gano inda ake dannawa
tsaguwar dutse ta haɗiye su.
Abin da na samu: dutse,
da rabin babban yatsana.

Shi gwaggon biri bai gudu ba.
Yana bisa reshen ɗinya, ƙafa a miƙe,
idonsa kan ledar ƙuli-ƙulina.
Na tuna masarar Jatau ta bara,
buhu huɗu aka sa wa rai, aka tashi da tiya tara.
Na ce masa, ɓarawo!
Ya sosa haƙarƙari, ya yi hamma,
ya nuna min haƙoran
da suka sa na janye maganata.

Ba mu kai ƙololuwa ba.
Ashe gwiwa ta san da maganar.
Muka zauna inda muka tsaya,
ga Dass a ƙasa kamar wake a faifai,
kwanon rufi na ƙyalli, fadamun shinkafa shar,
shirwa na shawagi ƙasa da mu.
Shekara hamsin da takwas ina ganin cikin shirwa,
ranar na fara ganin bayanta.

La'asar sakaliya muka shigo gida.
Na tarar da Tabawa bakin akurki da taɓarya.
"Ƙwai bakwai kazar nan ta kwanta a kai,
saura biyu.
Ka hau dutse neman namun daji,
ga naman daji ya zo har gida ya ci ya sha."

Na leƙa ramin da ke gindin katanga.
Damo.
Fata kamar tsohon buhu, wuya na bugawa,
harshe na fita yana komawa.
"Sarkin haƙuri ne," in ji ni.
Ta ce, "Nawa haƙurin fa, wa ya naɗa shi?"
Ta miƙo min taɓaryar.

Na riƙe ta, na daɗe a tsugune.
Shekara goma sha tara ke nan
da muka haƙa harsashin ɗakin nan,
magirbin Barau ya tono ƙwai fari-fari
daidai inda nake yanzu.
Muka zubar, muka aza bulo.
Ba wanda ya ce wa kowa a yi haƙuri.

Na jingine taɓarya.
Na ɗauko ragar ƙarfe da ƙusa,
na toshe akurki har magariba,
ramin kuwa ban taɓa shi ba.

Da dare, bushiya ta fito daga bayan randa
tana shinshina ƙasa kamar ta yar da allura.
Tsaka biyu na gadin fitila.
Tabawa na murza min man zafi a gwiwa,
da ƙarfi fiye da yadda ciwon ke buƙata.
Ta ce, "Ƙwai biyar, kai za ka biya."
Na ce, na ji.
Tsohon bashi ne.